Abin da Mama Ba Ta Faɗa wa Matar Inshora Ba

Zuwa ga Innata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Abba da 'yan'uwana duka. Yaya aiki, yaya hidimar yara? Yaya bayan naki da kika ce yana riƙe miki idan kin daɗe a kan keken ɗinki? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ku lafiya mai ɗorewa, ya tsare ku a inda kuke, ya sa mu sake ganin juna da alheri. Kullum ina sa ki a addu'a. Rigar da kika ɗinka min har yanzu ita nake sawa idan za a je unguwa, duk da cewa hannun ya fara ɗagewa, Kaka na cewa ni ce nake tsawo ba tare da na nemi izinin kowa ba.

Mu ma muna nan, alhamdu lillahi. Baba yana nan a kamfanin katifa yana yankan soso, kullum ya dawo da farin ɓurɓushi a kansa, Auta ya tare shi a ƙofa yana cewa Baba ya tsufa a yini ɗaya. Yaya ya fara iya gyaran firji shi kaɗai, har maigidansa yana bar masa shago, sai dai namu na gida har yau yana nan yana ƙugi bai taɓa shi ba. Auta haƙoransa na gaba sun zube, idan yana magana iska ce ke fara fitowa. Ni kuma na shiga sabuwar makaranta. Tana da girma, ɗalibai sun yi yawa, kuma malamar lissafi ta sa min suna Shiru-shiru domin ko na san amsa ba na iya ɗaga hannu. Mama kuwa, ƙanwarki, ita ce dalilin wannan takarda.

Inna, ki yi haƙuri da rubutuna, kuma ki yi haƙuri da na tsallake manya na zo gare ki. Na so in kira ki, amma wayar da ke gidan da rana ta Mama ce, kuma na san ko na kira kuka ne zai riga magana fita. Shi ya sa na zauna na rubuta. Matar mai shagon da ke ƙasan benenmu za ta ɗauki hoton takardun da wayarta ta turo miki. Ta rantse ba za ta karanta ba, ni kuma na ƙanƙanta rubutun don na san ba ta gani sosai sai da tabarau. Mama ta ce kada in gaya wa Baba, kada in gaya wa Kaka. Na yi ta juya maganar a raina, sai na ga ba ta ambace ki ba. Idan na yi laifi, Allah ya yafe min, ke ma ki roƙar min ita.

Sai na fara daga bara kafin ki gane. Kin san kamfanin su Baba yana yi wa ma'aikata inshorar lafiya, ana cire wani abu daga albashi duk wata. Sau ɗaya a shekara ake buɗe ƙofa kowa ya zaɓi tsarin da yake so, daga nan a rufe sai baɗi. Akwai ƙaramin tsari, shi na zazzaɓi ne da mura da ɗan rauni. Akwai matsakaici, wanda ya haɗa da gwaji da kwanciya a asibitin da ke kan katinmu. Akwai kuma babba, wanda Baba ya ce na masu zama a ofis ne cikin sanyi, ba na masu tsayuwa gaban inji ba. Bayan wannan akwai abin da suke kira ƙari, wanda ake ɗorawa a kan tsarin. Akwai ƙarin ido da haƙori, akwai na ciki da haihuwa da jariri, akwai na manyan cututtuka irin su zuciya da ƙoda. Baba ya yi ta auna su, har ya tambayi abokan aikinsa, wani ya ce wannan, wani ya ce wancan. A ƙarshe ya ce albashinsa matsakaici zai iya ɗauka, da ƙari guda ɗaya, ba zai iya biyu ba sai dai mu daina cin abincin rana.

Matar da ke yi musu wannan aiki gida-gida take bi, saboda sai ta ɗauki hoton kowa da hoton yatsunsa na kati. Doguwa ce mai fara'a, da wata ƙatuwar jaka, Auta ya sa mata Anti Mai Jaka. Da ta zo bara, ta rataya farin ƙyalle a jikin ƙofar ɗakin Mama, muka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya tana ɗauka, tana cewa Yaya ya saki fuska ai ba ofishin 'yan sanda ba ne. Da aka gama kowa ya samu wuri ya zauna a falo, don ba wanda ya ce mu fita. Kaka tana kan doguwar kujera, Baba kusa da ita, Yaya ya jingina da ƙofa, ni da Auta a ƙasa, har matar mai shago ta hauro kallo ta tsaya a bakin labule. A nan, a gaban kowa, Anti Mai Jaka ta fara karanto ƙarin ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Da ta zo kan na ido Baba ya gyaɗa kai, domin lokacin yanar ido ta rufe wa Kaka idanu biyu, ko fuskarmu ba ta rabewa sai mun yi magana. Sai ta zo kan na ciki da haihuwa, ta dubi Mama, ta ce ko akwai shiri ko tsammani a wannan shekara.

Kafin Mama ta buɗe baki Kaka ta riga ta. Ta ce haihuwar me kuma, ga wannan ƙato kansa na neman taɓa saman ƙofa, ai yanzu 'ya'yansa ake jira. Ta ce in dai dole sai an rubuta wa wata, to ita a rubuta wa, tunda ga maigidanta Auta a zaune. Kowa ya fashe da dariya, har Baba, har ni. Anti Mai Jaka ta ce ita dai daga bakin mai ɗakin take so ta ji. Mama ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta sunkuyar da kai, ta ce su kam sun gama da wannan, a yi wa Kaka na ido. Na tuna kunnuwanta har wani ja suka yi. Na ɗauka dariyar ce ta ba ta kunya.

Ashe a ranar tana da ciki, Inna. Ƙarami ne, ko Baba ba ta gaya wa ba tukuna, tana jira ta tabbatar, kuma tana jin nauyin a ce mai ɗa kamar Yaya za ta sake goyo. Daga baya ta ce min da a ɗaki aka tambaye ta, ita da matar kawai, da ta faɗa. Amma ga surukarta, ga babban ɗanta, ga maƙwabciya a bakin labule, kuma ga shi in ta ce e, ta ƙwace wa tsohuwa idonta ke nan a gaban jama'a. Da cikin ya fito, Baba ya je ofishin inshorar ya roƙa a canza, aka ce masa ƙofa ta rufu sai shekara ta zagayo. Ya dawo ya ce ba komai, ai duk mu a ƙaramin asibitin nan aka haife mu lafiya, wannan ma Allah zai kawo shi da sauƙi.

Kin san ƙarshen, kin kira kin yi mana ta'aziyya, amma na san ba wanda ya gaya miki yadda abin ya kasance. Jaririn bai jira watanninsa sun cika ba, ya zo da wuri. Asibitin da ke kan katinmu ba su da kwalbar da ake sa irin waɗannan jarirai, suka ce a yi maza a kai shi babban asibiti. A can aka duba katin aka ce jariri yana cikin ƙarin haihuwa ne, mu kuma ba mu da shi, sai an ajiye kuɗi kafin a ba shi gado. Baba ya fita nema, Yaya ya ruga ya sayar da wayarsa. Duk wannan lokaci Mama tana zaune a kan benci a baranda, ta sa shi a ƙirjinta a cikin riga, ta lulluɓe da zane, wata nas mai kirki ce ta nuna mata ta yi hakan don ya ji ɗumi. Ina kusa da ita ina riƙe da jaka. Tun safe sai da rana ta karkata sannan aka karɓe shi. Ya yi 'yan kwanaki a kwalbar. Sau ɗaya aka bar ni na leƙa shi ta gilashi, duk tafin ƙafarsa bai kai babban yatsana ba, amma yana ta shure-shure kamar mai jin haushin wayoyin da aka liƙa masa. Likitan ya ce wa Baba ko da an sa shi da wuri ba lallai ne ya tsaya ba, Allah kaɗai ya sani. Baba ya riƙe wannan magana, yana yawan maimaita ta. Mama kuwa ba ta taɓa maimaita ta ba ko sau ɗaya.

Tun cikin yana nan Auta yake rigima wai za a ƙwace masa suna, ya ce shi ba zai ba kowa ba, a nemo wa jaririn wani. Ranar da aka dawo ba tare da shi ba, ya yi ta leƙa cikin zanen Mama. Da ya gane, sai ya je ya tsaya gaban Baba ya ce ya yarda, ya bar masa sunan, a je a ɗauko shi. Baba ya tashi ya shiga banɗaki ya daɗe. Kaka kuma an riga an yi mata aikin ido ɗaya kafin haihuwar, ya buɗe tar, har zare take sa wa allura. Da shi ta ga jaririn. Wata rana ina taje mata kai sai ta ce min, ba tare da na tambaye ta komai ba, da ta sani da ta zauna da duhunta. Tun daga lokacin ba ta sake kiran Auta maigidanta ba. Ba wanda ya zargi wani a gidan nan, Inna, ko da wasa. Kowa dai yana tafiya a hankali ne kamar mai tsoron taka wani.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Tun bayan haihuwar Mama ba ta koma daidai ba. Kowa yana cewa baƙin ciki ne, ni ma da haka na ɗauka. Amma baƙin ciki ba ya kumbura ƙafa. Ni nake matsa mata ƙafafu idan na dawo makaranta, kuma idan na danna yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Takalmanta duk sun daina shiga, silifas ɗin Baba na wanka take sawa, ta ce wai sun fi taushi. Benenmu da take hawa da bokitin ruwa a kai, yanzu sai ta tsaya a tsakiya ta dafa bango, idan wani ya zo wucewa ta yi kamar tana gyara ɗaurin zane. In ta kwanta da rana tari yake taso mata, sai ta tashi ta jingina da bango, a haka take samun barci. Ranar da na raka ta ƙaramin asibiti, nas ɗin ta daɗe tana sauraron ƙirjinta, ta kira likita shi ma ya saurara. Suka ce zuciyarta ce ta yi rauni, wai yana samun wasu mata bayan haihuwa, kuma ana samun sauƙi idan an kama shi da wuri. Suka ce sai ta je babban asibiti an yi mata hoton zuciya, likitan zuciya ya ɗora ta a kan magani ya riƙa dubawa. Mama ta tambaya ko katinmu yana ɗauka. Aka ce wannan sai mai ƙarin manyan cututtuka. Ta yi godiya, ta naɗe takardar da suka ba ta ta tura cikin jaka. A hanya ta tsaya a kemis ta sayi ƙwayar da ke sa fitsari, a nan ne ta riƙe hannuna ta ce kada Baba ya ji, kada Kaka ta ji.

Na ce mata ai an kusa buɗe ƙofar inshora, sai a ɗauki na zuciya. Ta ce saura ɗayan idon Kaka, an riga an sa mata rana a shekara mai zuwa, in aka sauke ƙarin ido aikin ya rushe. Na ce Kaka tana gani da ɗaya. Ta ce in rufe bakina, ba a yi wa tsohuwa lissafin ido. Can kuma, muna cikin tafiya, sai ta ce, a hankali kamar ba da ni take ba, wai lokacin da ya kamata ta buɗe baki saboda wani ba ta buɗe ba, da wane ido za ta buɗe shi yanzu saboda kanta. Ni dai na karɓi jakar daga hannunta.

Makon da ya wuce Anti Mai Jaka ta dawo. Ta yi mana ta'aziyya, idonta har ya kawo ruwa, ta ce labarin ya daɗe yana damunta. Wannan karon ba ta yi wasa da kowa ba. Da aka gama hoto ta ce tana so ta ga Mama su biyu a ɗaki. Kaka ta fara laluben sandarta za ta tashi, Yaya ma ya juya zai fita. Sai Mama ta ce kowa ya zauna, ita ba ta da abin ɓoyewa, a yi a nan. Matar ta sake jera mana tsare-tsaren. Ta ce bana an ɗan gyara matsakaicin, an ƙara gwajin jini, amma manyan cututtuka suna nan a ware. Ta yi bayani dalla-dalla cewa tunda ta hanyar kamfani ne, ko mutum yana da ciwon tun da, za a karɓe shi, in dai ya faɗa da bakinsa yanzu ya kawo takardar likita. In kuwa ya ɓoye, daga baya aka gano, ba za su biya ko allura ba. Baba ya ce shi a ganinsa a bar shi yadda yake, a ƙarasa wa Kaka idonta. Kaka ta ce ita ɗayan ya ishe ta ganin abin da ya rage mata a duniya, a duba ko akwai mai buƙata. Ta faɗa tana kallon wajen Mama. Baba ma ya juya ya tambayi Mama ko akwai wani abu.

Sai matar ta fara tambaya ɗaya-ɗaya, ko akwai mai yawan haki, ko mai kumburin ƙafa, ko mai tari idan ya kwanta. Inna, kamar ta leƙa gidanmu ta rubuto. Ina tsaye da faranti da kofunan ruwa. Mama ta ja zanenta ta rufe ƙafafunta har yatsu. Ta ɗago ta dube ni, ba harara ba ce, da harara ce ma da ta fi min sauƙi. Ta ce lafiyarta ƙalau, gajiya ce kawai ta mai jego da ba ta da jariri. Da ta faɗi haka ba wanda ya iya ƙara tambaya. Baba ya sa hannu a kan na ido. Ni da na san amsar, na tsaya riƙe da farantina. A aji ma haka nake, amma a aji ba abin da ke samun kowa idan na yi shiru.

Da za ta tafi na ɗaukar mata jaka na raka ta ƙasa. Sai da muka kai bakin titi, tana neman abin hawa, sannan na iya tambayarta ko mutum zai iya canzawa bayan ya sa hannu. Ta ce yana iya, har zuwa ƙarshen watan nan, daga nan sai baɗi. Ta tsaya ta dube ni sosai, ta kira ni 'yan mata, ta ce waye ba shi da lafiya a gidan. Na kalli ƙasa. Ta ce ko ta yi zargi ba ta da ikon rubuta ciwo a kan babban mutum da bai faɗa da bakinsa ba, kuma maganar yarinya ba ta shiga takarda. Amma ta ce duk ranar da aka kira ta za ta zo, ko a bakin shago ne, ko a cikin kicin, ba sai an tara kowa ba. Ta ce ita ma ta daina yin tambayoyin nan a falo tun abin da ya same mu, gidanmu ne kawai aka ƙi ba ta ɗaki.

Na gwada gaya wa Baba, wallahi na gwada. Shekaranjiya ya manta abincinsa, na kai masa kamfani. Ban taɓa shiga ciki ba sai ranar. Wuri ne mai faɗi, soso a jibge har rufi kamar gajimare, ga warin gam yana hawa kai, ga ƙarar inji ba ka jin maganar na kusa da kai. Na hango shi ya rufe hanci da ƙyalle, yana tura wani ƙaton soso cikin injin yanka, hannunsa dab da wuƙar. Na ga yadda ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya gan ni ya kashe injin ya fito da ni waje, ya ce lafiya Uwata, don haka yake kirana. Na ce abinci na kawo. Ya ce ya ga bakina da magana. Na buɗe baki ke nan sai ya ce in ɗan jira, ya koma ciki ya fito da wani guntun soso da ya yanka shi a karkace, sama siriri ƙasa mai kauri, har ya sa an ɗinke masa riga da ragowar yadin katifa. Ya ce in kai wa Mama ta riƙa sawa a bayanta, ya lura tunanin yaron nan ba ya barin ta kwanciya, kullum a jingine take, bango kuma yana da sanyi. Ya ce kada in ce shi ya ce, in ce kawai ragowa ce aka zubar. Na rungume soson na taho ina kuka a titi, mutane suna kallona. Yana gani, Inna, duk yana gani, fassarar ce kawai bai samu ba. Ni kuma na yi wa Mama alkawari, kuma ina tsoron in na faɗa masa a gaban injin nan hankalinsa ya rabu biyu.

Shi ya sa na zo gare ki. Ke kika goya ta, ke kaɗai ce take yi wa gardama ta kuma bi maganarki daga baya. Ke kaɗai na taɓa ji ta yi wa kuka da sauti. Don Allah ki kira ta kafin watan nan ya ƙare. Ki kira da hantsi, lokacin Baba da Yaya sun fita, Auta yana makaranta ko Islamiyya, Kaka kuma tana saukowa shago shan iska. Ranar da ba ni da makaranta ta fi, zan kai mata wayar kicin in ja ƙofa in tsaya a waje. Kada ki tambaye ta yaya jiki, za ta ce da sauƙi, ta iya faɗinsa har mutum ya yarda. Ki ce mata ta hau benen nan tana yi miki magana, ki saurari numfashinta da kunnenki. Kuma kada ki yi mata faɗa a kan bara, ta riga ta yi wa kanta wanda ya fi naki. Ki ce mata kawai muna nan, mu ukun da muka tsaya, kuma har yanzu ban iya dafa komai ba sai shayi da shinkafa, ita ma tana caɓewa. Maganar idon Kaka kuma, na tabbata in aka tambaye ta a gefe da hannu biyu za ta ce a ɗauki na zuciya, har ma ta ji sanyi a ranta. Takardar likitan tana nan a jakar Mama, ban taɓa ba, amma na san aljihun da take.

In kin ga ya fi ki fara yi wa Baba magana, ke kika sani, ke babba ce. Ni dai abin da nake tsoro shi ne a sake cewa sai baɗi. Na ga yadda baɗi take zuwa ta tarar da mutum ba ya nan.

Ki gaishe min da Abba, ki ce ina yi masa fatan alheri a wurin aiki. Ki gaida Yaya Babba da amaryarsa, da Dogo, da 'Yar Baba, ki ce mata ina nan ina ajiye mata labarai. Ki shafa min kan tagwaye, Allah ya raya su. Baba da Kaka da Yaya kullum suna ambatonku da alheri, na san da sun san ina rubutu da sun ce in gaishe ku. Auta ya gan ni da biro ya tambaya, na ce aikin makaranta ne, ya ce to in gaida malamar, don haka ki karɓi tasa a haka. Ta Mama ce kawai ban sa ba, domin ba na so in yi mata ƙarya a takarda. Ki kira ki karɓa daga bakinta.

Wassalam. Ni ce 'yarki mai ƙaunarki,
ta tsakiyar gidan ƙanwarki.